Walter Munk da Saƙon da Igiyar Teku Ke Ɗauke da Shi

Duk wanda ya taɓa tsayawa a bakin teku, ko a Legas ko a Kwatano ko a Lome, zai iya shaida wani abu mai ɗaure kai. Sai a wayi gari sararin sama garau, babu hadari, babu iskar da za ta kaɗa ko gefen riga, amma ga manyan igiyoyin ruwa suna tahowa ɗaya bayan ɗaya cikin tsari, suna faɗuwa bisa rairayi da rugugi kamar na aradu. A aji an koya mana cewa iska ce ke tayar da igiyar ruwa. To, in babu iska, wa ya aiko waɗannan?

Amsar ita ce iska ce dai ta aiko su, sai dai ta kaɗa ne a wani wuri mai nisan dubban kilomitoci, mako guda ko fiye da ya wuce, kuma mai yiwuwa guguwar da ta haife su ta mutu tun kafin su iso. Abin da ya fi wannan ban sha'awa shi ne, mutumin da ke tsaye a gaɓa, in yana da agogo da haƙuri da ɗan lissafi, yana iya faɗin nisan wurin da guguwar ta auku da ranar da ta auku. A wannan darasi za mu ga yadda hakan ke yiwuwa, ta hanyar bin sawun aikin Walter Munk, masanin da ya shafe kimanin shekara 80 yana nazarin teku a cibiyar Scripps da ke Kalifoniya ta ƙasar Amurka.

Yaron da ya guje wa banki

An haifi Munk a birnin Biyana na ƙasar Ostiriya ranar 19 ga Oktoba, 1917. Ostiriyar yau ba ta da gaɓar teku ko taƙi ɗaya, don haka ɗalibin Sakkwato ko Damagaram kada ya ce ilmin teku ba nasa ba ne. Danginsa ma'aikatan banki ne, kuma a 1932 suka tura shi Niyu Yok domin ya yi karatu ya gaji sana'ar gida. Ya taɓa aikin bankin na 'yan shekaru, ya ga ba ya yi masa, sai ya tsallaka Kalifoniya ya karanta fizik a jami'ar Caltech, ya gama a 1939. A wannan shekara ya nemi aikin hutu a Scripps, wadda a lokacin 'yar ƙaramar cibiya ce a garin La Jolla. Shugabanta shi ne Harald Sverdrup, mutumin ƙasar Nowe, wanda ya yi shekaru a cikin ƙanƙarar arewacin duniya yana jagorantar binciken kimiyya a jirgin Maud na Roald Amundsen. Sverdrup ya zama malaminsa, kuma a ƙarƙashinsa Munk ya sami digirin dakta a 1947.

Mece ce igiyar ruwa?

Kafin mu ci gaba, ya kamata mu daidaita kalmomin da za mu yi aiki da su. Bahaushe kan kira igiyar ruwa raƙumin ruwa, saboda haka ƙololuwarta za mu kira ta tozo, ƙasanta kuma kwari. Tsayi shi ne daga kwari zuwa tozo. Tazara ita ce nisan da ke tsakanin tozo da tozon da ke biye da shi, ana auna ta da mita. Rata kuwa ita ce lokacin da ke tsakanin wucewar wani tozo da na bayansa a wuri guda, ana auna ta da sakan. A riƙe wannan ta ƙarshe da kyau, domin a kanta darasin ya rataya.

Abu na farko da ke rikita ɗalibi shi ne zaton cewa ruwan ne ke tafiya. A dubi gonar shinkafa idan iska ta bi ta kanta: za a ga kamar wani abu yana gudu daga wannan gefe zuwa wancan, alhali kuwa kowane kara yana nan inda aka shuka shi, sunkuyawa kawai ya yi ya miƙe. Haka ruwa yake. In aka ɗora ƙwarya bisa tafki, igiya za ta ɗaga ta, ta ɗan tura ta gaba, ta sauke ta, ta dawo da ita kusan inda take. Kowane ɗigon ruwa zagaye yake yi, kuma zagayen yana ƙanƙancewa in aka nutsa, har ya kusa ɓacewa a zurfin da ya kai rabin tazara. Abin da ke tafiya shi ne ƙarfin da iska ta zuba a cikin ruwan. Shi ya sa igiya ke iya ƙetare teku sukutum ba tare da ta ɗauko ruwan can ta kawo nan ba.

Masana lissafi na Ingila irin su George Airy da George Stokes sun warware ƙa'idar wannan motsi tun a shekarun 1840. Sun nuna cewa a ruwa mai zurfi, rata ita ke yanke komai. Tazara a mita tana daidai da 1.56 × rata × rata. Ke nan igiya mai ratar sakan 10 tazararta mita 156 ce, mai ratar sakan 20 kuwa mita 624. Gudun tozo shi ma da rata yake tafiya, wato mita 1.56 × rata a kowane sakan. Ma'ana, doguwar igiya ta fi gajera sauri. To amma wannan ilmi ya yi kusan shekara ɗari yana kwance a littattafai, babu wanda ya iya amfani da shi ya ce gobe igiya za ta kai tsayi kaza a gaɓa kaza.

Abin da yaƙi ya tilasta

A 1942, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu, sojojin ƙawance suna shirin sauka a gaɓar arewa maso yammacin Afirka. Munk ya kalli atisayen da ake yi a gaɓar gabashin Amurka, ya lura cewa da zarar igiya ta wuce kimanin mita ɗaya da rabi, sai ta juya ƙananan jiragen sauke soja ta buga su da gaɓa, dole a dakatar da atisayen. Da ya bincika, sai ya ga igiyoyin gaɓar Maroko a lokacin sanyi sukan zarce haka sau da yawa. Ashe ke nan in ba a iya zaɓen ranar da teku ta lafa ba, ruwa zai cinye sojoji tun kafin su ga abokan gaba. Ya kai wa Sverdrup wannan damuwa, suka zauna suka ƙirƙiro hanyar hasashe. Abin takaici, a daidai wannan lokaci hukumomin tsaro suna zargin su biyun da goyon bayan Jamus, har aka taɓa janye musu izinin ganin bayanan sirri, zargin da ba a tabbatar ba.

Hanyar tasu ta kasa rayuwar igiya kashi uku. Na farko haihuwa: girman igiya ya dogara ga ƙarfin iska, da daɗewar da ta yi tana kaɗawa, da faɗin ruwan da ta bi ta kansa, wanda za mu kira fagen iska. Wanda ya san madatsar ruwa ta Tiga zai gane wannan, domin gefen da iska ta fito lumui yake, gefen da ta nufa kuwa can ruwa ke dukan gaɓa. Na biyu tafiya: bayan igiya ta bar inda aka haife ta, sai ta daidaita, ta yi sumul. Ita ce za mu kira baƙuwar igiya, don bambanta ta da igiyar gida, wadda iskar wurin ke tayarwa a hargitse. Na uku mutuwa: idan ta iso ruwa marar zurfi sai gudunta ya ragu, tazararta ta tsuke, tsayinta ya ƙaru, har ta karye a inda zurfin ruwa ya kai kimanin 1.3 na tsayinta.

Akwai wata matsala da suka ci karo da ita wadda ta cancanci a tsaya a kanta. Teku ba ta aiko da igiyoyi masu tsayi ɗaya. Wata ƙarama, wata babba, wata tsaka-tsaki. To, in aka ce tsayin igiya yau mita 2 ne, wacce ake nufi? Sun lura cewa matuƙin jirgi in ya dubi teku ya ƙiyasta, ba ya kula da ƙanana, manyan yake gani. Sai suka ce a jera igiyoyin daga babba zuwa ƙarama, a ɗebi sulusin sama, a fitar da matsakaicin tsayinsu. Wannan adadi, da za mu kira tsayin manya, ya yi daidai da abin da idon gwani ke faɗa. Har yau shi ne ma'aunin da hukumomin hasashen yanayi na duniya ke sanarwa, shi injiniya ke dubawa in zai gina tashar jiragen ruwa ko dandalin haƙar mai, shi kuma tauraron ɗan'adam ke aunawa daga sama. Mafi yawan masu amfani da shi ba su san daga inda ya fito ba. A ganina wannan ya fi yawan maƙaloli nuna tasirin mai bincike: abin da ya ƙirƙiro ya shiga hannun jama'a har sunansa ya goge daga jikinsa, kamar yadda ba mai tambayar wanda ya fara ƙera fartanya.

Daga 1943 aka riƙa turo hafsoshin soja Scripps suna koyon wannan hanya, wasunsu kuma suna cikin waɗanda suka yi hasashen igiya domin saukar Nomandi a Faransa, wadda aka ɗage daga 5 zuwa 6 ga Yuni, 1944 saboda munin yanayi. Bayan yaƙi, a 1947, aka buga aikin a fili. Daga baya Charles Bretschneider ya yi masa gyare-gyare, injiniyoyin gaɓar teku suka yi shekaru da dama suna aiki da shi.

Mai doki da mai jaki

Yanzu mu koma ga tambayarmu ta farko. Guguwa tana haifar da igiyoyi iri-iri a lokaci guda, dogaye da gajeru, duka su kama hanya tare. Tun da dogaye sun fi sauri, su za su riga isa. A ɗauka mai doki da mai jaki sun fita daga Kano da asuba a lokaci ɗaya. Wanda ke zaune a Kura zai ga mai doki ya wuce, ba da daɗewa ba mai jaki ya biyo. Wanda ke Zariya kuwa zai daɗe ƙwarai yana jira tsakanin na farko da na biyu. Idan ya san saurin doki da na jaki, jiran nan kaɗai ya ishe shi ya lissafa nisan garin da suka fito da lokacin da suka taso, ko da bai tambaye su ba. Irin wannan lissafi ne muke yi da damina in mun ƙirga sakan tsakanin walƙiya da tsawa, muka ce kowane sakan 3 kilomita ɗaya ne.

Sai dai akwai wani sharaɗi. Igiyoyi a ayari suke tafiya, kuma a ruwa mai zurfi gudun ayari rabin gudun tozo ne. Ana iya ganin haka in aka jefa babban dutse cikin kududdufi mai zurfi aka zuba ido sosai: tozo zai ɓullo a bayan ayarin, ya ratsa ta tsakiya, ya je gaba ya ɓace, wani kuma ya sake ɓullowa a baya. Ƙarfin yana tare da ayarin, don haka da gudun ayari za mu yi lissafi, wato mita 0.78 × rata a sakan. In aka mayar da shi tafiyar yini da kwana, ya zama kimanin kilomita 67 × rata a kowace rana.

Ga misali. Ranar Litinin da safe mai lura ya auna ratar baƙuwar igiya ya sami sakan 20. Ratar ta yi ta raguwa sannu a hankali, ranar Laraba da safe ta koma sakan 15. Ayarin farko yana cin kimanin kilomita 1,350 a rana, na biyu kimanin 1,010. Ke nan kullum na farko yana ba na biyu ratar hanya ta kilomita 340. Lokacin da na farko ya iso, na biyu yana da sauran tafiyar kwana 2, wato kilomita 2,020. Kwana nawa ake bukata kafin a tara wannan giɓi? A raba 2,020 da 340, za a sami kusan kwana 6. Saboda haka guguwar ta auku kwana 6 kafin Litinin, wato ranar Talatar makon jiya, a wuri mai nisan kimanin kilomita 8,000. Babu jirgi, babu waya, agogo ne kawai da alli.

Ba Munk kaɗai ya hango wannan ba, kuma adalci ne a faɗa. Shi ya rubuta maƙala a 1947 kan bin sawun guguwa ta hanyar dogayen igiyoyin da ke riga sauran isowa. A Ingila kuma Norman Barber da Fritz Ursell, waɗanda ke aiki da rundunar sojan ruwa, sun auna igiyoyi a gaɓar Cornwall, suka rarrabe su bisa ratarsu, suka buga sakamakon a 1948, inda suka danganta su da guguwoyin da ke kan taswirar yanayi. Abin da Munk ya yi shi ne ya ɗauki wannan dabara ya kai ta iyakar da duniya ta ba da dama.

Daga Niyu Zilan zuwa Alaska

Abokin aikinsa Frank Snodgrass gwanin ƙera na'urori ne. Ya ƙera wadda ake ajiyewa a ƙasan teku tana auna nauyin ruwan da ke kanta: in tozo ya wuce nauyin ya ƙaru, in kwari ya wuce ya ragu. Da yake motsin gajerun igiyoyi ba ya kaiwa ƙasa, na'urar dogayen kawai take ji, har waɗanda tsayinsu bai wuce 'yan milimitoci ba, waɗanda ido ba zai taɓa gani ba. A 1957 suka buga abin da suka auna a tsibirin Guadalupe na ƙasar Meziko. Da suka yi lissafin mai doki da mai jaki, sai nisan wasu igiyoyin ya nuna cewa mahaifarsu ba ta cikin Tekun Fasifik. Daga Tekun Indiya suka fito, suka kutso ta sararin da ke kudu da Ostireliya da Niyu Zilan, arewa da Antaktika. Daga nan suka dasa na'urori uku a siffar murhu kusa da tsibirin San Clemente na Kalifoniya, domin bambancin lokacin da tozo ke taɓa kowace ɗaya ya nuna ɓangaren da igiyar ta fito. Nisa da ɓangare in suka haɗu, an sami wuri a taswira.

Sauran tambaya ita ce, nawa igiya ke asara a hanya? Domin amsa ta, a 1963, lokacin sanyin kudancin duniya da guguwoyi ke yawaita, suka kafa tashoshi shida a kan layi guda da ya ratsa Fasifik, mai tsawon fiye da kilomita 11,000. Ta farko a Cape Palliser ta Niyu Zilan, sai Tutuila a Samowa inda Munk da kansa ya zauna da iyalinsa, sai ɗan tsibirin Palmyra kusa da tsakiyar duniya, sai Honolulu a Hawayi, sai wata a tsakiyar ruwa, ta ƙarshe kuma a Yakutat ta Alaska. Ta tsakiyar ruwan wani jirgi ne mai ban al'ajabi da ake kira FLIP, mai tsawon mita 108, wanda in an cika bayansa da ruwa sai ya miƙe tsaye kamar sanda, kusan mita 91 a nutse, ta yadda igiya ba ta cika girgiza shi ba. Sun shafe fiye da wata biyu suna aunawa, suna kallon ayarin guguwa guda yana wuce tashoshin ɗaya bayan ɗaya, har ya mutu a gaɓar Alaska bayan kimanin mako biyu.

Sakamakon, wanda aka buga a 1966, ya zo da ba-zata. An yi tsammanin iskokin da ke kaɗawa kullum a yankin tsakiyar duniya za su raunana baƙuwar igiya in ta ratsa su, sai aka ga ba su yi mata wani abin kirki ba. Mafi yawan asarar tana faruwa ne kusa da guguwar. Da zarar doguwar igiya ta yi nisa da mahaifarta, tsayinta yana raguwa ne galibi saboda bazuwar da take yi a faɗin teku, amma abin da take zubarwa na ƙarfi kaɗan ne ƙwarai, musamman masu ratar da ta wuce sakan 14.

Wani abu guda ya ƙi daidaituwa a aikin San Clemente. Lissafin ɓangare ya riƙa kauce wa inda guguwoyin suke, har wasu lokuta ya nuna cewa igiyar ta fito ne daga kan doron Antaktika, inda babu ruwa sai ƙanƙara. Wannan ya zauna kimanin shekara 50 ba bayani mai gamsarwa. A 2014 Basile Gallet da William Young suka nuna cewa kwararar ruwan saman teku, musamman wadda ke juyawa, tana lanƙwasa hanyar igiya kaɗan-kaɗan, ta yadda ɓangaren da ta shigo gaɓa ba lallai ya zama ɓangaren da ta taso ba. Munk yana raye ya ga wannan amsa. Haka nan a 2009 wasu masana a Faransa, ta amfani da hotunan tauraron ɗan'adam, sun nuna cewa baƙuwar igiya mai tsini tana asarar ƙarfi fiye da mai kwanciya. Malamai su ja hankalin ɗalibai ga wannan: an bar abin da bai daidaita ba a fili cikin rahoton, shi ya sa na baya suka sami abin kamawa.

Waɗanda suka ɗora

Mutumin da ya riƙe tashar Hawayi a 1963 wani matashi ne Bajamushe, Klaus Hasselmann, wanda a 1962 ya fitar da lissafin yadda igiyoyi ke musayar ƙarfi a tsakaninsu. Wannan lissafi ya taimaka wajen bayyana asarar da ake yi kusa da guguwa, kuma shi ne ƙashin bayan manhajojin kwamfuta da ke hasashen igiyoyin duniya baki ɗaya tun daga ƙarshen shekarun 1980. Hasselmann ya sami kyautar Nobel ta fizik a 2021 saboda aikinsa kan sauyin yanayi. A Ingila kuma Michael Longuet-Higgins ya ɗora ma'aunin tsayin manya bisa tushen lissafi a 1952. Daga aikinsa muka san cewa a cikin igiyoyi 1,000, ana sa ran babbarsu ta kai kusan ninki biyu na tsayin manya. Wannan gargaɗi ne ga mai kwalekwale: in an sanar da mita 2, ya shirya wa mai kusan mita 4. Wani lokaci ma teku kan zarce wannan lissafi. Ranar 1 ga Janairu, 1995, na'ura a dandalin Draupner da ke Tekun Arewa ta auna igiya mai tsayin mita 25.6 alhali tsayin manya bai wuce kimanin mita 12 ba, kuma har yanzu ana nazarin irin waɗannan.

Shi kansa Munk bai tsaya ga igiya ba. A 1950 ya yi bayanin yadda iska ke juya manyan kwararar tekuna. A 1954 shi da Charles Cox suka auna karkatar fuskar ruwa daga hotunan ƙyallin rana da aka ɗauka ta jirgin sama, lissafin da masu taurarin ɗan'adam ke aiki da shi har yau. A 1991 ya jagoranci gwajin aika sauti ta ƙarƙashin ruwa daga tsibirin Heard na kudancin Tekun Indiya, aka ji shi a gaɓar gabas da ta yammacin Amurka, da nufin auna ɗumin teku, tun da sauti ya fi sauri a ruwa mai ɗumi. Masu kare dabbobin ruwa sun yi adawa da irin wannan gwaji don tsoron cutar da manyan kifaye masu shayarwa. An ba shi kyautar Kyoto a 1999 da ta Crafoord a 2010, har akwai wani kifi mai fukafukai da ke tsalle sama da ruwa wanda aka raɗa wa sunansa. Ya rasu ranar 8 ga Fabrairu, 2019, yana da shekara 101.

Gaɓarmu ta Yammacin Afirka

Igiyoyin da muka fara da su, na Legas da Kwatano da Lome, baƙi ne daga kudancin Tekun Atlantika, inda guguwoyi ke tashi musamman a watannin da muke damina. Babu wata ƙasa a tsakani da za ta tare su. Su ne suka hana manyan jiragen ruwa matsowa gaɓar Ankara ta ƙasar Gana kafin a buɗe tashar Tema a 1962, sai dai su tsaya can nesa a riƙa kai musu kaya da mutane cikin kwalekwale ta tsakiyar igiya. Fataken goro Hausawa da suka riƙa bin jirgin ruwa daga can zuwa Legas a farkon ƙarni na 20 sun san wannan wahala.

Da yake igiyoyin daga kudu maso yamma suke shigowa, a karkace suke dukan gaɓa, don haka suna tura rairayi daga yamma zuwa gabas. Longuet-Higgins ne ya yi cikakken lissafin irin wannan kwarara ta gefen gaɓa a 1970. Lokacin da aka gina katangun duwatsu a mashigin tashar Legas tsakanin 1908 da 1912, sai suka tare rairayin: ya taru a yamma, gabas kuma, wato Bar Beach, teku ta yi ta cin ta shekara da shekaru. Irin haka ya faru a gabashin tashoshin Lome da Kwatano. Injiniyan da zai gyara wannan, abin da zai fara nema shi ne tsayin manya da rata da ɓangaren da igiya ke shigowa.

Ga aikin da malami zai iya bai wa aji. A ce mai lura a Legas ya auna ratar sakan 18 ranar Alhamis da azahar, ranar Lahadi da azahar kuma ya sami sakan 12. Ɗalibai su fitar da tafiyar kowane ayari a rana ta hanyar ninka rata da 67, su bi matakan misalin da ya gabata, su nemo ranar guguwar da nisanta. Amsar za ta faɗo kusa da kwana 6 da kilomita 7,200. Sa'an nan a ɗauko ƙwallon taswirar duniya da zare, a yanki zaren daidai wannan nisa bisa ma'aunin ƙwallon, a danne bakinsa ɗaya a kan Legas, a miƙa ɗayan kudu, a ɗan karkata shi yamma, ɗalibai su faɗi sunayen tsibiran da ke kusa da inda ya tsaya.